Ɓawon da Muka Binne Tare da Valmai Trengove

Mai bayarwa ya karɓi abinsa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Valmai Trengove ta garin Port Kenwyn ta cika a asibitin gundumarmu, tana da shekara saba'in da tara, bayan jinyar kwana tara. Ta bar ɗa guda, Lindsay, da matarsa Raelene, da jikoki biyu, da ni Nola Penberthy, wadda ba ta haɗa jini da ita ba amma ta fi kowa shan faɗanta. An binne ta ranar Litinin a maƙabartar kan tudu, kusa da mijinta.

Masu jaridar gari sun ce in rubuto 'yan layuka masu daɗi, in ambaci kek ɗinki da muryarki a coci. To Valmai, kin san halina. Sau uku ina zama da niyyar rubuta mai daɗin, sau uku ina yayyaga takardar. Har wata ya shige ban aika musu komai ba. Raina a ɓace yake, kuma a ɓace zan rubuta. Wanda ba zai iya ji ba ya juya shafi, akwai labarin ƙwallo a baya.

Shekara talatin da biyu kika yi kina riƙe da gidan wayar garin nan. Babu wanda ya taɓa cewa wasiƙarsa ta ɓata a hannunki. Na tuna wata ambulan da ruwa ya cinye adireshinta, saura rabin suna kawai. Da wani ma'aikacin ne, da tuni ya jefa ta a kwandon shara. Ke kuwa kika ɗora ta a kan kanta shekara shida, duk baƙon da ya shigo sai kin yi masa tambaya, har Allah ya kawo mai ita, wani tsoho makiyayin tumaki, ya karanta wasiƙar ƙanwarsa yana kuka a gabanki. Kika ba shi kujera da shayi, sannan kika yi masa faɗa don bai goge takalminsa a bakin ƙofa ba. Haka kike, hannunki a buɗe, bakinki da kaifi.

Ni kuwa abin da kika yi mini ya wuce wasiƙa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, a tsakiyar sanyi, jirgin kamun kifin mijina Hedley ya kife a cikin mashigin teku na garin nan, ana hango shi daga gadar katako. An samu jirgin, ba a samu Hedley ba. Maza suka yi kwana uku suna nema suka haƙura. Ni ban haƙura ba. Kullum da sassafe ina bin gaɓa ina duban ruwa, kuma kullum sai in tarar da ke tsaye a ƙofar gidana da rigar ruwa da butar shayi, ba ki taɓa ce mini in daina ba. A rana ta goma sha tara kika duƙa kika ɗauko wani abu daga yashi, kika ɗora mini a tafin hannu kika ce, "Nola, ki ɗan dubi ƙasa, idonki ya gaji da ruwan nan." Ɓawon kokul ne, wata 'yar halittar teku mai nama a cikin ɓawo, ɓari biyu a haɗe, marar nauyi sam. Na ɗaga shi ga rana sai na hangi inuwar yatsuna ta cikinsa. Wannan ne karo na farko tun mutuwar da na kalli wani abu ba teku ba.

Daga nan abin ya fara. Mutanen garin nan duk abin da ke da ɓawo biyu kokul suke ce masa, ba ruwansu. Wanda suka sani shi ne mai kauri, wanda ake tonowa a laka a dafa ko a maƙala a ƙugiya. Naki daban ne, kika sa masa suna Shara-shara, kuma kika koya mini gane shi da duka da zagi. Abu uku ne. A ɗaga shi ga haske, in bai nuna inuwar yatsa ba, ba shi ba ne. A bi siraran layukan da ke gangarowa daga gindinsa zuwa baki a ƙirga, ke da tsinken gashinki kike ƙirgawa, in ba su kai wajen hamsin ba a jefar. Sannan a duba gindin, a ga ɗan launin ruwan hoda. In na yi kuskure sai ki ce, "Ke dai da idonki gara babu, kawo nan."

Kika yi ta aika wasiƙu birni kina tambayar masana, don kan sarki ba ya miki wuya. Suka gaya miki ba wani abin mamaki ba ne, ana samunsa tun daga gaɓar New South Wales, ya zagaye kudu gaba ɗaya har yammacin ƙasar, har Tasmaniya, duk inda teku ya shigo lungu ya kwanta a kan yashi ko laka, a zurfin da mutum ba zai taka da ƙafa ba. Ba ki ji haushi ba. Kika ce ai ba ƙarancinsa ya dame ki ba, adireshinsa kike nema. Abin da kika lura da shi, wanda kika maimaita mini har na haddace, shi ne Shara-shara ba ya tafiya. Mai kauri sai igiyar ruwa ta yi ta mirgina shi daga uwa duniya ya iso lafiya. Wannan kuwa kafin ya yi nisa ya farfashe. Saboda haka duk inda aka tsince shi cikakke, ɓari biyu a haɗe, to gidansu na nan kusa, a ƙarƙashin ruwan da ke gabanka, kuma da ransu.

Kwalin ƙwai mai gurbi goma sha biyu shi ne ma'ajiyarki. Kowane gurbi auduga, ɓawo ɗaya, da 'yar takarda da aka rubuta da fensir: wuri, rana, yanayin iska. Cyril maƙwabcinki mai kaji shi ke ba ki kwalayen, yana ba ki yana dariya. Duk bayan babbar iskar kudu maso yamma sai mu shiga tsohuwar motarki mu bi gaɓa, wurare tara, daga nan har kilomita talatin kudu. Inda kika duba ba ki samu ba ma sai kin rubuta, "Na duba, babu." Ɗakin bayanki ya cika da kwali talatin da shida, fiye da rabinsu daga mashiginmu, arewa da gada, daidai inda jirgin Hedley ya kife. Garin nan kuwa, da yau kowa ke matse ido yana cewa an yi rashi, shekara arba'in yana kiranki mahaukaciyar kwalin ƙwai. Na ji da kunnena a shagon burodi, na ji a harabar coci. Kada wanda ya zo mini da fuskar tausayi yanzu.

Akwai abin da ya faru da ban taɓa yafe miki ba sai a watan nan. Wata rana kwali ya suɓuce daga hannuna, ɓawo biyu suka fito tare da takardunsu, ba su fashe ba amma suka cakuɗe. Ɗaya daga cikinsu shi ne mafi girma da kyau da muka taɓa samu. Na ce, "Kwantar da hankalinki, Yaya, babban na arewa da gada ne, na tuna." Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Kin tuna, ko kina zato?" Na ce na tuna mana. Kika sake tambaya. A karo na uku na yi shiru. Sai kika fita tsakar gida kika sa dunduniya kika murƙushe su duka biyun, kika watsa wa kajin Cyril ta kan shinge. Kika ce ɓawon da ba a tabbatar da takardarsa ba wasiƙa ce marar adireshi, gara babu shi da a kai shi gidan da ba nasa ba. Kwana biyu ban yi miki magana ba, ke kuwa ko a jikinki.

Bara wani kamfani ya zo da shirin yashe mashigin, a haƙe gindinsa a yi wa masu jiragen shaƙatawa wurin ajiya. Suka ɗauko wani masani, Mista Garth Ellery, mai taushin murya da takalmin da bai taɓa taka laka ba. Ya tura masu nutso wuri biyu a gindin gada, inda kowa ya san tsohon ƙarfe da kwalabe ne kawai, ya rubuta cewa ƙasan mashigin matacce ne, babu abin da ke rayuwa a ciki, gidan Shara-shara mafi kusa yana can kudu. A taron majalisar ƙaramar hukuma na watan Afrilu kika miƙe da sandarki kika ce ƙarya ne. Ya yi murmushi ya ce, "Mama, ina girmama sha'awarki, amma mutane da yawa kan rikita irin waɗannan ɓawon da junansu." Sha'awa! Shekara arba'in da ɗaya cikin sanyi da ruwan sama, wai sha'awa. Ban san lokacin da na ce masa, "Kai tun kana cikin zanin goyo take ƙirga layukan nan," har shugaban majalisa ya buga tebur.

Majalisar ƙaramar hukuma ta yanke cewa ki kawo shaidarki ranar huɗu ga Yuli, ɓawo da takarda, a sa wani masanin daban ya duba. In ta tabbata akwai rai a ƙasan, ba za a taɓa mashigin ba sai an yi shekara guda ana bincike. Kika dawo gida kina rawar jiki kamar yarinya, kika sake wa kwalayen auduga. Sai ciwo ya kama ki a farkon Yuni.

A nan ne zan faɗi nawa laifin, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma na gaji da hangen na wasu. Kwana biyu kafin ki cika, kika riƙe hannuna a gadon asibiti kika ce, "Nola, ɗakin baya. Kada kowa ya taɓa." Na ce, "To, na ji, kwanta ki huta, wa zai taɓa tarkacenki?" Na yi dariya ma. Ban gaya wa Lindsay ba, ban gaya wa Raelene ba, ban ko murɗa makulli ba alhali yana cikin jakata. A zatona abin da aka yi shekara arba'in ana yi wa dariya ba mai ko kallonsa. Kalma huɗu ce kawai, kada ku shiga can, kuma ban faɗe ta ba.

Kowa ya san al'adar garin nan, ba ma zuba wa mamacinmu ƙasa da hannu, abin teku muke jefa masa. Matan coci ke fita da safe su tsinto ɓawo a gaɓa su cika kwando, kowa ya ɗiba ya jefa a kabari. Ranar Litinin ɗin aka wayi gari da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, matan kuma duk sun tsufa. Raelene, 'yar birni ce, ta zo ne kwana uku kafin nan, ta shiga ɗakin baya neman kujerun baƙi. Ta ga ɓawo ɗaruruwa a wanke, a jere, a kan auduga. Baiwar Allah ta ce a ranta ga abin da surukarta ta fi so a duniya, me ya fi dacewa ya raka ta? Ta zazzage su duka a kwandon coci. Takardun ta tattara su tsaf a gwangwanin biskit don rubutun hannunki ne, kwalayen kuma ta miƙa wa Cyril ta kan shinge. Ni a lokacin ina kicin ɗin coci ina naɗe fasti, irin sambusar nan tamu mai nama, da za a ci bayan jana'iza, ina faɗa da mata a kan yawan albasa.

Gwiwata ta hana ni hawa tudun da wuri, sai na tsaya a baya. Fasto ya gama addu'a, kwando ya fara zagayawa. Da kunne na fara ganewa. Na halarci jana'iza a tudun nan ta fi ɗari, na san ƙarar mai kauri a kan akwati, ƙwal, ƙwal. Wannan kuwa ƙas-ƙas nake ji, kamar ana taka ɓawon ƙwai. Na kutsa cikin mutane ina ture su da sanda, kafin in isa Lindsay ya riga ya kifa sauran kwandon. Wata mata ta miƙo mini guda ɗaya da ta rage mini. Ko hasken rana babu, amma na ga ruwan hodar a gindinsa.

Abin da na faɗa a bakin kabarinki ba zai rubutu a jarida ba. Fasto ya ce, "Inna Nola, a gaban mamaci muke." Na ce, "Ai ita nake gaya wa, Fasto, ku kun gama naku!" Na leƙa ramin. Farare fat sun rufe akwatin, rabi a farfashe, ruwan sama na dukansu, na arewa da na kudu, na bana da na shekarar da Hedley ya tafi, duk sun zama ɗaya. Ko an sauka an kwaso su, aikin gama ya gama. Mutane kuma suna ta cewa kai, an yi mata kyakkyawar rakiya. Raelene da ta fahimci abin da ta yi, a nan cikin laka ta durƙushe. Na wuce na bar ta a nan, kuma wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa.

Bayan kwana uku Lindsay ya same ni da rana a kicin ɗinki, gwangwanin biskit a hannunsa. Mutum mai shekara hamsin da huɗu, idonsa jawur. Ya ce, "Goggo, ki saurare ni kafin ki zage ni. Iskar nan ta zubo Shara-shara a gaɓar kudu, har ba a iya takawa. Kwalayen suna wurin Cyril, takardun ga su. Kwana biyu mun cike su. Rubutun na Mama ne, gaskiya ta rubuta, ɓawon kuma irinsu ɗaya. Wa aka cuta?" Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri. Bai tashi ba. Ya ce, "Kawu Hedley yana ƙasan ruwan nan, Goggo. Inji za su sa su kwashe shi su zubar a bayan gari tare da laka."

Valmai, ba zan ɓoye miki ba, na bi shi. Na shiga motarsa muka tafi kudu, na duƙa da wannan gwiwar tawa na tsinci masu kyau, ni da kaina na zaɓa, don shi ko bambance su bai iya ba. Muka dawo muka baza su a kan teburinki, muka shimfiɗa auduga. Na buɗe gwangwanin na yi ta tonawa har na samo ta farko, fensirin ya dusashe amma ana karantawa: arewa da gada, rana ta goma sha tara, iska ta kwanta. Ba ki taɓa nuna mini ita ba. Ashe ba kwanan wata kika rubuta ba, kwanakin nemansa kika ƙirga tare da ni. Na ɗauki ɓawon kudu zan ɗora kusa da ita, sai hannuna ya ƙi. Wallahi na ji muryarki kamar kina bayana kina duban ƙeyata ta saman tabarau. Wannan karon kuwa ba zato nake ba, na sani sarai ba nasa ba ne.

Na tattare su a cikin zanen tebur na fita tsakar gida na tattake su, na watsa wa kajin Cyril. Lindsay ya biyo ni yana cewa, "Haba Goggo! Haba!" Na ce masa, "Uwarka ta yi shekara arba'in da ɗaya ba ta rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Ba za mu sa ta fara bayan ta mutu ba." Ya ce to mun rasa mashigin ke nan. Na ce na sani, ba sai ya gaya mini ba.

Saura kwana biyar a yi zaman na fita arewa da gada bayan wata 'yar iska, na samu guda ɗaya, ɓari biyu a haɗe, har da ɗan nama a ciki. Na ƙirga layukansa da tsinken gashinki, hamsin da uku. Na rubuta takardarsa da wannan mummunan rubutun nawa da kike cewa kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Shi na ɗauka zuwa majalisa, da gwangwanin biskit, da kwali talatin da shida babu komai a ciki. Lindsay da Cyril suka jera su a kan teburin kansiloli har suka tsere wa kawunansu. Na zazzage takardun, ɗari huɗu da 'yan kai, na ba da labarin yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba.

Mista Ellery ya miƙe ya yi mini ta'aziyya, da ladabinsa. Sannan ya ce takarda ba tare da ɓawo ba ra'ayin marigayiya ce kawai, ba yadda za a yi a san ko ta gane irin daidai. Game da nawa guda ɗayan kuwa, ya yarda Shara-shara ne, amma ya ce tsuntsun teku ma kan iya ɗauko ɗaya daga nesa ya yar. Ya juyo ya ce, "Ina sauran suke, Mama?" alhali ya ji bayanin da kunnensa. Na ce, "Suna kan tudu, layi na huɗu, kabari na biyu daga hagu. Je ka tambaye ta, in ka isa." Wasu suka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Aka kaɗa ƙuri'a, biyar suka ce a yashe, huɗu suka ce a'a. A bakin ƙofa ɗaya daga cikin biyar ɗin, wanda ke kika koya wa manna kan sarki yana ɗan makaranta, ya tare ni ya ce, "Inna, da kin kawo ko kwali biyar ne cikakku, da na bi bayanku." Na dube shi daga sama har ƙasa. Ya san ki tun yana da majina a hanci. Ya ga motarki tana bin gaɓa duk tsawon rayuwarsa. Jirgin ubansa yana ɗaure a gada, da ya so sanin abin da ke ƙasan mashigin da rabin yini ya ishe shi. Amma maganar baƙo mai takardar shaida ta fi masa maganarki nauyi, kuma yana so in ɗauke masa laifin in ɗora wa kwali. Na wuce na bar shi a tsaye, don abin da ke bakina bai dace da shekaruna ba.

To ga shi nan, Yaya, na gaya miki duka. Ina fushi da kamfanin da ya duba inda ya san ba zai ga komai ba. Ina fushi da garin da bai san darajarki ba sai da za a jefa miki ita a rami. Ina fushi da kaina fiye da kowa, da wannan makullin da har yau yake cikin jakata. Kuma ke ma ina fushi da ke. Da ba ki murƙushe ɓawon nan biyu a gabana ba a wancan lokacin, da na cike kwalayen nan hankalina kwance, da mun ci, da an bar mini Hedley inda yake. Kin koya mini abin da ya fi ƙarfina, sannan kika tafi kika bar ni da shi. Wani lokacin in na hango ruwan daga taga sai in ce na yi daidai, wani lokacin in ce ni ce babbar wawuyar garin nan. Ba ki nan balle ki ce mini in rufe baki in sha shayi.

An ce injin yasa zai iso a watan Oktoba. Lindsay bai koma birni ba. Kwanakin baya na tarar da shi a ƙofar gidana da sassafe, da rigar ruwanki da ta yi masa kaɗan, da kwalin ƙwai a hammata. Ya ce, "Goggo, koya mini ƙirgar." Idonsa ya fi nawa lalacewa, jiya sau biyu yana kawo mini mai kauri yana murna, na ce masa da idonsa gara babu. Raelene ce ke rubuta takardun, hannunta ya fi namu kyau, kuma na roƙe ta gafara ta roƙe ni. Mun cike gurbi bakwai. Ba zai hana injin zuwa ba, mun sani. Amma kafin Oktoba za mu rubuta abin da muka gani, wuri da rana, don kada gobe wani mai taushin murya ya ce dama can babu komai a wurin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lindsay da 'ya'yansa, Allah ya ba ku haƙuri da juriyar rashin uwa. Raelene, 'yata, ki share hawayenki, ƙauna ce ta sa ki, kuma a duk garin nan ke kaɗai kika taɓa kallon ɓawon nan kika ga abu mai daraja ba tare da an gaya miki ba. Cyril, Allah ya saka maka da alherin kwalayenka. Sauran mutanen gari kuwa, Allah ya ba mu kunya, in da sauranta.

Ke kuma Valmai, Allah ya jiƙanki, ya yi miki rahama, ya yafe miki kaifin bakinki saboda tsarkin hannunki, ya sanyaya makwancinki. In kin haɗu da Hedley ki gaya masa na yi iya yina, ban dai yi ƙarya ba. Ki riƙe ɓawonki da kyau, tunda duk suna wurinki. Akwai wani zaman a gaba, kuma Alƙalin can ba zai tambaye ki takarda ba, don ya san inda kowane ɗaya ya fito da ranar da kika duƙa kika ɗauke shi. Ranar nan ki fito da su duka ki baza, ni kuma in Allah ya yarda ina bayanki riƙe da gwangwanin biskit.